Burtsatse ko tanki da tattali? Lissafin da na yi wa Kawu kafin ya kira masu motar haƙa

Kawuna ya kusa gama gininsa a bayan Mabera a birnin Sakkwato, saura fenti da ƙofofi, sai ya sa aka kira ni wata Juma'a bayan an sauko masallaci. Kuɗin da suka rage masa abu ɗaya za su iya yi. Ko dai a kawo motar haƙa a buga masa rijiyar burtsatse a tsakar gida, ko kuwa ya jawo ruwan gwamnati daga bututun da ya ratsa bakin layinsu, ya sayi manyan tankuna, ya sa a yi aikin famfon gidan yadda ko ɗigo ba zai salwanta ba. Ya ce, "To ɗana, kai da ka yi boko, mi kag gani?" Daga yadda ya yi tambayar na san zuciyarsa ta riga ta tafi ga burtsatse, so yake kawai in sa masa albarka. Na roƙe shi mako guda.

Ban ga laifinsa ba. Duk wanda ya zauna Sakkwato a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 har randa ta kasa sanyaya ruwa, ya san abin da ake nufi da famfo ya yi shiru. Idan ya tashi zuwa kuma, sau da yawa tsakar dare ne, mata su bar barci suna jera bokitai da baho. 'Yan garuwa suna nan da kurarsu, Allah ya saka musu, amma a bazara farashin jarka yakan hau, wani lokaci ma da kuɗinka a hannu ka rasa mai kawowa. Mai burtsatse ya huta da wannan duka. Ya danna makunni, tanki ya cika. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Idan wannan ce kaɗai tambayar, da ban nemi mako guda ba.

Abin da na fara bi shi ne asalin ruwan, domin mu mutanen birni mun saba ganin kamar a bakin famfo yake farawa. Mafi yawan ruwan da ake tacewa a tura wa birnin Sakkwato daga gulbi yake, wani kaso kuma daga manyan rijiyoyin burtsatse na gwamnati. Gulbin Rima da rani ba ya gudana da ƙarfin kansa; abin da ke riƙe da shi shi ne madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala a 1984, mai iya ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 942 idan ta cika. A ɗaya hannun akwai Bakolori kusa da Talatar Mafara a Zamfara, kan Gulbin Sakkwato, tun 1978, ita kuma miliyan 450. Adadin yana da girma a takarda. Amma ruwan da ake saki daga Goronyo ba namu ne mu kaɗai ba. Kafin ya iso mu ya ratsa fadamun Goronyo da Wurno, inda masu albasa da tafarnuwa da shinkafa ke jiransa, bayan ya wuce mu kuma Argungu da Birnin Kebbi suna sauraronsa. Ga makiyaya, ga masunta. Ga rana kuma, wadda ke kwasar nata kason daga saman tafkin kowace safiya ba tare da ta nemi izini ba, ga yashi da laka da damina ke tarawa a gindin madatsar suna rage mata ciki.

Mun ga iyakarta ta fuska biyu cikin shekara takwas. A 2010 ruwa ya yi mata yawa, aka yi ambaliyar da ta cinye gonaki da ƙauyuka har ta yanke hanyar zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A farkon 2018 kuwa tafkin ya janye har ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma na cikarsa, birni ya shiga ƙunci. Saboda haka litar da ta tsiyaye daga famfon da ba a rufe ba a Runjin Sambo ko Gawon Nama lita ce da aka tare tun damina, aka sako ta gulbi, aka jawo da inji, aka zuba mata alam da kulorin, aka ƙona wuta ko dizal aka tura ta sama, sannan ta ƙare a kwata. Kuma a bututun da ruwa ke zuwa da awo, duk abin da na farkon layi ya zubar, na ƙarshen layi aka hana.

Na gaya wa Kawu wannan, sai ya yi dariya ya ce ai shi ya sa zai haƙa tasa, ya bar wa talakawa na gulbi. Magana ce mai kama hankali, amma ƙasa ba haka take aiki ba.

Ƙarƙashin Sakkwato shimfiɗu ne, wata kan wata, kuma masana sun raɗa musu sunayen garuruwanmu: Gwandu a sama ta wajen yamma, sai farar ƙasar Kalambaina wadda ake yin siminti da ita, sai yumɓun Dange, sai yashin Wurno da Taloka da Dukamaje a tsakaninsu, can ƙasa kuma Gundumi. Wasu suna riƙe ruwa, wasu suna tare shi. Shimfiɗar sama, wadda rijiyar guga ke kaiwa, ruwan damina ne ke ciyar da ita, mu kuwa daminarmu gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, abin da ke sauka a shekara bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba. Ruwan da ke can zurfi ya fi yawa, amma tsohon ajiya ne, wani ya yi dubban shekaru a wurin, kuma mayar da gurbinsa a hankali yake. Ba ma namu ne mu kaɗai ba, tunda shimfiɗun sun miƙa har cikin Nijar da Mali. Idan sumo, wato injin da ake zurawa cikin rijiyar, ya fara zuƙa, ruwan da ke kewaye da shi yakan lotsa kamar mazurari. Rijiya ɗaya ba komai. Amma a layi guda a sami goma sha biyar, kowace tana zuƙa da safe, mazuraran sai su haɗe, matakin ruwan unguwar ya sauka gaba ɗaya. Wanda zai fara ji a jikinsa shi ne mai rijiyar guga da mai burtsatse marar zurfi, wato wanda ba shi da kuɗin ƙara zurfi. Sannan gini da kwalta da daɓen siminti da muke shimfiɗawa a tsakar gida suna hana ruwan sama shiga ƙasa, ya bi kwalbati ya tafi. Muna ƙara guga, muna toshe idon rijiya.

Sai maganar kuɗi, wadda ita Kawu ya fi saurara. Ba zan rubuta farashi ba, domin kafin ka gama karantawa ya canza. Amma tsarin kashewar bai canza ba. Burtsatse miliyoyi take ci a tashin farko: binciken wuri, haƙa da ake biya bisa zurfi, bututun da ake jerawa ciki, sumo, waya, ƙarfen ɗora tanki, da tankin kansa. A lura da wannan na ƙarshen. Mai burtsatse ma sai ya sayi tanki, don haka tanki ba ya cikin abin da ake zaɓa, kowa zai saya. Bayan haka sai abin da zai juya injin. Wutar lantarki ba ta da tabbas, janareta kuwa tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 ya zama ɗan gata. Sola ita ce mafita ta gaskiya a garin da rana ba ta yi mana rowa, sai dai tana ƙara nauyin kuɗin farko. Sumo yakan ƙone idan wuta ta yi rawa ko ruwa ya ja baya ya bar shi yana juyi a bushe, kuma fito da shi daga rami aiki ne na masu sana'a. Akwai kuma abin da mai haƙa ba ya son a tambaye shi: idan aka kai zurfin da aka yi ciniki ba a sami ruwan kirki ba, wa zai ɗauki asarar? Duk wanda zai haƙa ya sa a rubuta amsar wannan kafin mota ta shigo.

Ɗaya hanyar kuɗinta a warwatse suke, shi ya sa ba ta da kwarjini. Kuɗin jawo bututu, tankin ƙasa da zai karɓi ruwa duk lokacin da ya zo ko da kowa na barci, ƙaramin inji mai ɗaga shi zuwa tankin sama, kawunan famfo masu kyau, kuɗin wata, da kuma kura ɗaya ko biyu a makonnin da famfo ya yi yaji. Rauninta a fili yake: idan layinku ruwa ba ya zuwa sam, tankin zai zama ɗakin gizo-gizo. Don haka na ce wa Kawu kafin komai ya zagaya gidaje biyar na layin, kuma matan gidan za a tambaya ba mazan ba, sau nawa ruwa ya zo a watan Afrilun da ya wuce, awa nawa yake yi, yana da ƙarfin hawa bokiti ko rarrafe yake.

Ta fuskar tsabta kowanne yana da tabonsa. Mutane suna ɗauka ruwan burtsatse tunda ya fito garau daga ƙasa shi ke nan. A wasu unguwanni ruwan da ya ratsa farar ƙasa yana da nauyi, sabulu ba ya kumfa, butar shayi ta yi farin ɓawo a ciki. A wasu wuraren ƙarfe ne ya yi masa yawa, ya fito fari, ya kwana ya yi ja, ya ɓata fararen kaya da tayil. Waɗannan damuwa ce, ba cuta ba. Cutar tana wajen masai. Ƙa'idar da ma'aikatan lafiya suke bayarwa ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin rijiya da ramin masai. To fili mai ƙafa 50 da 100 tsawonsa gaba ɗaya mita 30 ne da ɗan kai. Ko ka kai naka ramin ƙarshen gida, na maƙwabcinka yana jingine da katangarka. Abin da ke ceton burtsatse a irin wannan matsi shi ne zurfi da kuma toshe wuyanta da siminti yadda ruwan sama-sama ba zai gangara ta gefen bututu ba, kuma nan ne mai haƙa mai araha ke rage aiki tunda ba wanda zai gani. Ruwan famfo an tace shi an sa masa magani, amma bututun da ya tsufa ya ratsa kwata, idan ruwa ya ɗauke yakan zuƙo ƙazanta ta inda ya tsage, ruwan farko da zai dawo ya kawo ta gida. Wanda ya tuna amai da gudawar 2021, da ta ratsa jihohin Arewa har da tamu, ba zai yi wasa da ko wanne ba. Na famfo a bar na farko ya wuce zuwa bokitin shara ko shuka. Na burtsatse a kai shi ɗakin gwaji kafin yara su fara sha, a kuma maimaita bayan damina.

Amma inda hanyoyin biyu suka rabu da gaske ba a ƙasa ba ne, a halin mutanen gida ne, kuma wannan ne ya ci mini yawancin makon. Gidan da ke sayen jarka ya san lissafin ruwansa kamar yadda ya san na hatsi. Uwar gida za ta gaya maka jarka nawa ake sha a rana ba tare da ta yi tunani ba. Ranar da aka haƙa burtsatse, wannan ilmin yakan mutu. Ba mita, ba mai garuwa da za a biya, ruwan ya zama kamar iska. Ka bi kowace sabuwar unguwa da hantsi ka ga tankuna suna tumbatsa daga sama, ruwa na zuba ta bango, wanda ya kunna inji ya tafi kasuwa ko ya koma barci. Idan injin yana tura lita 1,500 a awa, mantuwar minti 20 lita 500 ce, jarka 20 masu lita 25. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa lita 50 zuwa 100 a matsayin abin da mutum ɗaya ke buƙata a rana don sha da girki da wanka da wanki. Ke nan mantuwar nan ta zubar da ruwan yinin mutum biyar zuwa goma. Maganinta kuwa ɗan abu ne mai yawo a saman ruwan tanki, ya kashe inji da kansa in ya cika, kuɗinsa bai kai na taya ɗaya ta mota ba.

Na yi gwaji a gidanmu don kada in je wa Kawu da maganar takarda. Akwai wani famfo a bayan kicin da ya daɗe yana tsiyaya, kowa ya saba da ƙararsa. Na tara masa gorar lita ɗaya na duba agogo: minti goma ta cika. Lita 6 a awa, 144 a kwana, kusan jarka shida kullum, saboda wata 'yar roba da ta cinye. Na ji kunya, don ni ne mai yi wa mutane wa'azin ruwa. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Kowa zai iya wannan gwajin, kuma akwai na biyu da ya fi shi tona asiri: a cika tanki da dare, a yi alama, a hana kowa taɓa famfo, a duba da asuba. Idan ya sauka, akwai inda yake zuba a ɓoye, galibi tukunyar masai ta zamani ce da ba ta rufewa, ko bututu a cikin bango.

Masan zamani kansa abin dubawa ne. Tsofaffin tukwane suna sakin lita 9 ko fiye a kowane ja, sababbi kimanin 6. Gida mai mutum goma, ka lissafa da kanka. Wanka da bokiti lita 15 zuwa 20 ya isa babba, shawa kuwa tana iya cin haka cikin 'yan mintuna kafin ma a gama saɓa sabulu. Wanke mota da tiyo ba a magana. Sai alwala, wadda ta fi ba ni mamaki da na auna. Hadisin Anas da ke cikin Bukhari da Muslim ya nuna Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana alwala da mudu ɗaya, yana wanka da sa'i ɗaya zuwa mudu biyar. Mudun nan ba na kasuwar hatsi ba ne, cikin tafin hannu biyu ne, bai kai lita ba. Buta tana kusa da wannan awon. Famfo a buɗe kuwa, in mutum ya bar shi yana zuba daga wanke hannu har ƙafa, lita biyar ba ta yi masa wuya. Mutum goma, salla biyar: da buta lita 50, da famfo 250. Bambancin jarka takwas ne a rana, a kan ibadar da aka hana mu yi mata ɓarna. Kakanninmu da suka ajiye buta a bakin zaure ba ƙauyanci suka yi ba.

Kuma ruwan da aka zubar ba ɓacewa yake yi ba. Yana fita ta kwata ya kwanta a lungu, ya yi baƙi, sauro ya samu gidan haya har da rani, gindin katanga ya jiƙe ya fara cin gishiri. Gidan da ke tattali yana juya ruwa sau biyu: na ɗaurayar wanki ya kora masai ko ya kwantar da ƙurar tsakar gida, na wanke shinkafa da kayan miya ya tafi gindin zogale ko dogonyaro. A garin da hamada ke leƙowa daga arewa, itacen da ya rayu da ruwan wanke-wanke riba ce tsantsa.

Wani abokina ya ce me ya sa ban ba Kawu shawarar tara ruwan sama ba. Na lissafa shi ma. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, don haka rufin kwano mai murabba'in mita 100 zai iya karɓar lita 60,000 a damina mai milimita 600. Ko an cire na farko mai ƙura da wanda ya fantsale, abin da ya rage zai riƙe gida mai mutum goma wajen wata uku. Matsalar ita ce duk a cikin wata huɗu yake sauka, tankin lita 2,000 kuwa kwana huɗu ne a irin wannan gida. Yana rage nauyi da damina, musamman wanki, tunda ruwan sama ya fi kowane kumfa. Ba ya kai kowa Afrilu. Indararo da bututu zuwa tankin ƙasa dai ba su da tsada, duk hanyar da aka bi a haɗa da su.

Ga abin da na gaya wa Kawu. Idan ruwan gwamnati yana zuwa layin ko da sau biyu a mako da ɗan ƙarfi, gida mai mutum goma da ya toshe ɓarnarsa yana buƙatar kimanin lita 500 a rana, ajiyar lita 4,000 za ta kai shi kwana takwas. Wannan gidan bai buƙatar burtsatse, kuɗin su tafi ga tanki da aikin famfo mai kyau, ragowar a sa sola. Idan kuwa bututu bai iso unguwar ba, kamar yawancin sababbin gine-ginen bakin gari, ko gidan babba ne mai sassa da yawa da dabbobi, burtsatse ba kwaɗayi ba ce, larura ce. Amma ko a nan, rijiya ɗaya mai zurfi da aka yi wa aikin kirki tana iya ɗaukar gida huɗu ko biyar. Rami biyar marasa zurfi kusa da masai biyar sun fi tsada in aka haɗa, sun fi saurin ƙafewa, sun fi haɗari. Na san abin da ke hana mutane haɗin gwiwa: ranar da sumo ya ƙone za a ga halin kowa. Shi ya sa ake rubuta yarjejeniya tun ana dariya, a sa liman ko mai unguwa ya shaida, a riƙa tara kuɗin gyara wata-wata kafin a buƙace su.

Kawu ya saurara har na gama, ya ce, "Wanga lissafi naka ya yi yawa, amma na ji na buta." Ya aiki Inna ta zagaya maƙwabta. Amsar da ta kawo ba ta raba gardama ba: gidajen farkon layi suna samu sau biyu ko uku a mako, na ƙarshe sai su yi kwana goma ba su gani ba, shi kuma gidansa yana tsakiya. Ya sa an haƙa tankin ƙasa, an ɗora na sama, an jawo bututu, an sa indararo. Ya kuma hana a daɓe wani lungu ta gabas, nesa da masai, inda mota za ta iya shiga. Ya ce zai ga abin da Afrilu mai zuwa za ta yi, in ta gagara zai nemi maƙwabtansa biyu na ƙarshen layi su zauna.